Surukina Da Giyar Kekena

Allah ya yi wa surukina rasuwa ranar Talata da hantsi, a gidansa na Gwange, bayan 'yar jinyar da ba ta kwantar da shi sosai ba. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Kafin azahar an yi masa sutura.

Na san za a ga dangi daga Hausari da abokan sahunsa na masallaci. Waɗanda ban yi tsammani ba su ne sauran. Ga mahauta, ga masinjoji da kakinsu, ga wani Bashuwa mai kawo nono cikin gari, ga malaman makaranta, kusan kowa da kekensa. Katangar gidan ta cika, aka koma jingine su a jikin darbejiya, wani kan wani. Muna zaune bayan an dawo daga maƙabarta sai ga wani mutum ya turo keke tun daga Galtimari, kaca a hannunsa, gumi ya jiƙa masa riga. Bai ji labari ba. Da ya ga tabarmi a ƙofar gida ya tambaya, aka gaya masa. Ya ce, "To yanzu wa zan kai wa?" Sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa, kunya ta kama shi, ya durƙusa yana ta addu'a. Ba wanda ya ga laifinsa. Da yawa a cikinmu abin da ke ranmu ke nan, shi ne dai ya faɗa.

Akwai wani tela Babarbare wanda rumfarsa ke jingine da ta marigayi shekara da shekaru. Kwana uku bai cire zanen da yake rufe keken ɗinkinsa da shi ba. Duk wanda ya tsuguna ya yi masa gaisuwa sai ya tafa hannu a hankali ya ce, "Wushe, wushe. Bakanon nan ya tafi ba mu gama gardama ba." Matata, wadda ita ce 'yarsa ta fari, ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna kusa da uwarta tana karɓar gaisuwar mata. Sai da aka kawo akwatin kayan aikinsa daga rumfa, warin kananzir ya shigo tsakar gida, sannan ta rufe fuska da mayafi.

'Ya'yana ƙanana ne, kuma abin da za su riƙe game da kakansu bai wuce alewar da yake ajiye musu a gwangwanin noti ba. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da na sani.

Tun yana saurayi ya zo garin nan namu na Yerwa daga Kano. Faci da ɗaurin birki kowane mai gyara yana yi, amma keke mai giya uku, wanda 'yan kasuwa da ma'aikata suka fara saye a lokacin, mutane kaɗan ne suka san cikinsa. Giyar tana cikin wani kwanso na ƙarfe a tsakiyar ƙafar baya. Shi tukunya yake ce masa. Daga ɗan maɗannin da ke hannun keke waya ta taso, ta bi jikin sandar sama, ta gangara, ta kama wata 'yar siririyar sarƙa da ke shiga cikin tukunyar. Ka ja wayar sosai, giya ta ɗaya, ta yashi da hawa. Ka sassauta kaɗan, ta biyu. Ka sake ta gaba ɗaya, ta uku, ta gudu a hanya mai ƙarfi. Tsakanin ta biyu da ta uku akwai wani wuri da ba ya kama komai, kuma idan wayar ta tsaya a nan sai feda ta juya a banza, mutum ya rufto kan sanda.

Yana da tsarinsa, kuma ba ya tsallake shi don gaggawar kowa. Daga hannu yake farawa, ya danna ya ji ko maɗannin yana tsayawa inda aka sa shi. Sannan ya bi waya da yatsa, ko ta yi tsatsa, ko ta fara tsinkewa. Sannan ya sa giya ta biyu ya tsuguna ya leƙa ta 'yar ƙofar da ke jikin notin baya, ya ga ko sandar 'yar sarƙar ta yi daidai da bakin ƙarfen. Yawanci a nan matsalar take, domin duk wanda ya cire ƙafar baya don faci da ka yake mayar da sarƙar. Buɗe tukunya shi ne na ƙarshe. Yakan ce masu gyara sun kashe tukwane fiye da yadda hanya ta kashe. Amma kafin duk wannan akwai abin da yake fara cewa kowa, ko alƙali ne ko ɗan dako: "Hau mu gani." Sai mai keke ya je ya dawo a gabansa sannan zai taɓa sifana.

Abin da ke ɓata masa rai shi ne man gyaɗa. Mutanenmu in sun ji tukunya tana ƙara sai su buɗe ɗan murfin su ɗura mata man gyaɗa daga ɗakin girki. Kwana kaɗan ya yi danƙo, ya riƙe 'yan haƙoran ciki. Na taɓa ji daga nesa yana yi wa wani mahauci faɗa. Ya shinshina murfin ya ce, "Sarkin fawa, ƙosai za ka toya a ciki ne? In haka ne kawo wake mu gama." Ya wanke ta da kananzir, ya leƙa rumfar tela ya ɗauko kwalbar man keken ɗinki. A kan kwalbar nan suke faɗa kullum. Tela ya ce, "Kai Bakano, mai na ne ko na ubanka?" Shi kuma ya ce, "Wa ya gyara maka feda bara da ta tsaya maka ana gobe Salla?" Haka suke har a kira sallar azahar su tafi tare.

Duk wannan daga nesa nake gani, saboda ni surukinsa ne. A gidanmu kunyar suruki ba abin wasa ba ce. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa faɗin sunansa ba, kuma ko yanzu ba zan rubuta shi ba. In zan wuce ta rumfarsa, tun daga bakin lungu nake sauka daga keke, in tuɓe takalmi, in tura har in zo in tsuguna in gaishe shi, kaina a ƙasa. Shi ma ba ya dubana. Sai ya amsa yana kallon aikinsa. In yana da magana da ni, tela yake gaya wa, ko da ina tsugune a wurin.

Da na sami aikin lamba, wato tsaga dantsen mutane a sa musu maganin da ke hana agana, aikin ya zama na yawon ƙauyuka, kuma kowane malamin lamba da kekensa yake zuwa. Ni ba ni da shi. Wata rana da la'asar sai ga tela ya turo wani koren keke mai giya uku har ƙofar gidana. Ya ce, "Bakanon ya ce wannan yana tare masa wuri a rumfa, a taimaka a ɗauke." Daga baya matata ta gaya mini cewa gawar keke ya saya a hannun wani ɗan kasuwa, ya yi watanni yana haɗa shi ƙarfe ɗaya bayan ɗaya.

Keken ya yi mini aiki lafiya har zafi ya shigo. Sannan ya fara wani abu. Da safe in na haye gadar Ngadda na hau hanyar marmara, na sa giya ta uku na taka da ƙarfi, sai feda ta kuɓuce. Ran farko na rufto kan sanda. Ran na biyu na faɗi gaba ɗaya, gwiwata ta daki dutse, akwatin magani ya buɗe a cikin ƙasa. Abin mamaki, da yamma in ina dawowa ta wannan hanya, ba ya yin komai. Wani abokin aikina ya ce akwai tsohuwar tsamiya a daidai wurin, in nemi laya. Ban yarda ba, amma na riƙa yin bisimilla in na zo wucewa.

Ban iya gaya wa surukina ba. Yaya zan aika wa mutum cewa kyautar da ya yi mini tana kayar da ni? Na kai wa wani mai gyara can wajen Wulari inda ba a san ni ba. Ya ɗan ɗaure waya, ya hau ya dawo, ya ce lafiyarsa ƙalau. Washegari keken ya sake kayar da ni. Na koma tafiya da giya ta ɗaya da ta biyu kaɗai, kamar mai rakiyar jaki, sai in isa ƙauye rana ta take. Mutanen da bulama, wato mai garin, ya tara tun safe sun gaji sun watse, maganin kuma ba ya son zafi.

Babban malaminmu mutumin kirki ne, bai yi mini faɗa ba. Ya kira ni gefe ya ce, "Agana ta ɓulla a ƙauyukan gabas. Ran Asabar mai zuwa za a tashi rangadi, tafiya ce mai nisa, kuma ba za a jira kowa a hanya ba. In kekenka ba shi da lafiya ba za ka je ba. In kuwa ba ka je ba, ka san akwai waɗanda suka gama koyo suna jiran wuri. Ba ni da yadda zan yi." Ina da mata da jariri a lokacin, ba gona, ba wata sana'a.

Matata ce ta ga gwiwar ina gasa ta da ruwan zafi. Ta tambaya, na gaya mata. Ta ce, "Malam, ubana ne fa ya haɗa keken nan."

Na ce, "Ai shi ya sa."

Kashegari ta ce za ta je ta gaida uwarta. Kafin magariba tela yana sallama a ƙofa. "Ɗana, Bakanon ya ce a kawo masa kekensa ya gani."

Na tashi da sassafe na sauke akwatin magani, na kwance salkar ruwan da nake ratayawa, na cire igiyoyi da tsummoki, na wanke keken tas har tayoyin. Ba a kai wa suruki abu da datti da tarkace. Na tura shi har rumfa, na gaishe shi, na koma gefe na tsuguna. Ya bi tsarinsa ina kallo ta gefen ido: hannu, waya, 'yar sarƙa. Ya mayar da abin da mutumin Wulari ya ɗaure yadda yake da. Ya naɗe riga ya hau da kansa, ya haye gada, ya wuce tsamiyar, ya dawo yana haki. Ya ce wa tela, "Gaya wa malamin lamba ba abin da ke damun keken nan."

Washegari ya kayar da ni a wuri ɗaya.

Na sake wankewa na sake kai masa. A wannan karon ya yi abin da ba ya so. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya buɗe tukunyar, ya jera 'yan cikinta ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga kowanne zuwa haske. Ya wuni a kai. Surukata ta ce da aka kai masa abinci bai buɗe kwanon ba. Bai sami komai ba. Da yammacin Alhamis ya mayar da ita, ya goge hannu, ya daɗe yana kallon keken. Sannan ya ce, "Tela, a ƙarƙashina lafiyarsa lau, a ƙarƙashinsa ba lafiya. Gaya masa sai na gan shi a kai."

Tela ya juyo wurina, kamar ban ji ba. "Ya ce ka hau."

Na ce, "Baba tela, ka ba shi haƙuri. Ba zan iya ba."

"Ya ce ba zai iya ba."

"Na ji shi, ni ba kurma ba ne!" Ban taɓa jin muryarsa ta tashi haka ba. Fuskarsa tana wajen tela amma da ni yake. "Tambaye shi, kunya ce za ta ciyar mini da jika? Jibi ake tafiya. Sarki ma in ya kawo keke nan sai ya hau na gani."

Na ce, "Ubana har ya rasu ko jaki bai taɓa hawa a gaban surukinsa ba. In na yi, ban san da wane ido zan ƙara shigowa lungun nan ba."

Ya jefa sifana cikin akwati da ƙarfi har notina suka yi tsalle. Tela ma, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya koma ya zauna yana zare a allurar da ke da zare. Na yi sallama na tafi da ƙafa, na bar keken a can. A hanya na riga na sallama aikin a raina, ina tunanin ko dako zan nema a Kasuwar Litinin. Abin da ya fi damuna shi ne na sa dattijo ya ɗaga murya a bainar jama'a.

Na zaci ya yi fushi da ni ke nan. Ashe shi ma ya san abin da na faɗa gaskiya ne, domin haka ya yi wa nasa surukin a Kano. Da safiyar Juma'a tela ya turo mini keken gida. Ya ce, "Ya ce ka zo yanzu. Kuma ka zo yadda kake fita aiki, da komai naka, kada ka rage ko tsinke. In ka sake wanke keken nan, ya ce ni zai doka."

Na ɗaura akwati a kariya, na cika salka na rataye ta a sandar sama inda na saba, na tura har bakin lungu. Sai na ga an kafa zana a gaban rumfarsa, an ɗaga ta sama da ƙasa kamar kamu biyu. Ba na ganinsa. Da na matso sai na hango gefen rigarsa ta ƙarƙashi. Dattijo mai furfura ya kwanta a ƙasa a kan haƙarƙarinsa, kansa a kan hannu, yana leƙe ta ƙasan zana.

Tela ya tsaya a tsakiyar hanya kamar ɗan doka. Ya ce, "Ka ji sharaɗi. Shi ba ya ganin fuskarka, kai ba ka ganin tasa. Ƙafa da keke kawai yake gani, kuma ƙafa ba ta da suruki. Hau."

Na daɗe riƙe da hannun keken. Sannan na yi bisimilla na hau.

Murya ta fito daga bayan zana ƙasa-ƙasa, tela ya ɗauka ya ƙwala. "Ya ce ɗaya!" Na je ƙarshen lungu na juyo. "Ya ce biyu!" Na sake wucewa. Mutane sun fara tsayawa, mai shayi ya bar tukunyarsa ya fito. "Ya ce uku, kuma ka taka kamar kana makara. Ni kuma na ce kada ka faɗo kan ɗinkin mutane!" Wajen rumfar ƙasar tana da ƙarfi saboda motocin da ke bi. Na danna ta uku na miƙe na taka. Daidai gaban zanar feda ta kuɓuce, na kai ƙafa ƙasa da ƙyar.

"Tsaya!" Wannan ba tela ba ne ya faɗa. "Tela, mene ne wancan baƙin abin da ke lilo a jikin sanda?"

"Salkarsa ce."

"Da me ya ɗaure ta?"

"Da igiya mana, da rawani zai ɗaure?"

Sai kawai ga shi ya zagayo zanar, ƙasa duk ta ɓata masa gefen riga da gemu. Ya manta da sharaɗin da shi ya kafa. Na yi tsalle na sauka na tsuguna, ban ma san yadda na tuɓe takalmi ba. Bai kula ni ba. Ya sa yatsa ƙarƙashin igiyar, ya ɗaga salkar da ɗaya hannun, sai muka ji 'yar sarƙar baya ta yi ƙyas, ta koma ciki. Ya saki salkar, sarƙar ta sake fitowa kaɗan. Ya yi haka ya ƙara yi. Igiyar da nake zagaya sanda da ita tana haɗawa da wayar giya. Da safe salka a cike take, nauyinta ya ja wayar, ya fitar da giya daga ta uku ya ajiye ta a wurin nan da ba ya kama komai. Da yamma na shanye ruwan, ba nauyi, ba matsala. Da sanyi ban damu da ɗaukar ruwa ba, shi ya sa sai da zafi ya shigo abin ya fara. Ni kuma duk lokacin da zan kawo masa keken sai na kwance abin da ke kawo ciwon na bar shi a gida don girmamawa.

Ya fara dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Tela, wuni guda na yi ina tuhumar tukunya, ashe ruwan sha ne."

Tela ya ce, "Da ni ka tambaya da tuni na gaya maka."

"Kai da ko tayar keke ba ka iya hurawa?"

Kafin a tafi masallaci ya gama. Ya lanƙwasa wani ƙarfe ya yi ƙugiya biyu, ya ɗaure su a ƙarƙashin kariya ta hagu, nesa da waya da 'yar sarƙa, ya rataye salkar a nan, ya girgiza keken ya ga ba ta taɓa ƙafar baya. Inda igiya ta goge wayar ya duba da kyau, ya ce ba ta ci ba amma ba zai tura mutum daji da ita ba, ya canza sabuwa. Ya daidaita ta a giya ta biyu. Ya shiga rumfar tela ya ɗauko kwalbar mai, ya zuba rabi a wata 'yar kwalba ya toshe da tsumma ya sa a akwatina. Tela ya buɗe baki zai yi magana, ya dube ni, ya fasa.

Sannan surukina ya ce wa tela, "Gaya masa na ga ƙafarsa. Yana canza giya yana taka feda da ƙarfi. Ya riƙa sassauta ƙafa tukuna, ya danna, sannan ya ci gaba. In ya yi faci a hanya, ya sa ta biyu ya leƙa ta ƙofar noti kafin ya hau. Kuma in wata tsohuwa ta ba shi man gyaɗa, ya kawo wa 'yata ta yi miya."

Na ce, "Na gode, Baba." Maganar da na iya ke nan.

Ran Asabar na tashi tare da sauran. Mun yi makonni muna bin ƙauyuka, wani wurin yashi har sai an sauka an tura, wani wurin fako mai ƙarfi da ta uku take gudu kamar ruwa. Na yi faci ban san sau nawa ba saboda ƙaya, kuma kowane karo na tsuguna na leƙa ta ƙofar noti yadda ya ce. Giyar ba ta kuɓuce mini ko sau ɗaya ba. Akwai ƙauyen da muka tarar ciwon ya riga mu, kuma ba na son rubuta abin da na gani a can. Amma akwai da yawa da muka riga shi. Aikina ya ɗore, kuma da shi nake ciyar da gidana har yau.

Ranar da muka dawo, tun kafin in je gida na bi ta Gwange. Na sauka a bakin lungu, na tuɓe takalmi, na tura. Yana zaune yana ɗaure wa wani birki. Na tsuguna na gaishe shi. Ya miƙa hannu ya taɓa wayar keken, ya juya feda baya ya saurara. Na jira ya kira tela. Sai na ji ya ce, "An yi wa yaran lamba?"

Da ni yake. Ba ta bakin kowa ba.

Na ce, "An yi musu, Baba."

"Ba su yi kuka ba?"

"Sun yi. Iyayen ma wasu sun yi."

Sannan ya ajiye filaya, ya naɗe hannun rigarsa ta hagu har kafaɗa, ya ce, "In akwai saura a akwatin, a yi mini."

Tela ya leƙo daga rumfarsa. "Kai? Kai da in masu lamba sun shigo unguwa kake shigewa bayan gida ka ce cikinka ke ciwo?"

"Waɗancan ban san kekensu ba," in ji shi.

Na buɗe akwati. Ba a yin lamba sai an riƙe dantse an ja fata. Na matsa kusa da shi fiye da yadda na taɓa matsawa, na kama hannunsa. Fatar ta yi laushi, ƙashin kuwa kamar itace. Ya kau da kai yana kallon darbejiya, ni ina kallon aikina, na tsaga na sa magani. Ya ce, "Shi ke nan? A kan wannan na yi shekaru ina gudu?" Tela ya yi ta dariya har ya zauna a ƙasa.

Bayan ranar muka koma yadda muke. Ina sauka a bakin lungu, yana aiko da magana ta bakin tela, har ƙarshen ransa. Sau biyu na taɓa jikinsa a duniya. Na farko ran nan a gaban rumfa. Na biyu ran Talatar nan, da aka ce wani ya shiga kabari ya karɓe shi, ƙannen matata suka dube ni, na tuɓe takalmi na shiga.

Allah ka gafarta masa, ka yalwata masa makwanci, ka saka masa da alherin da ya yi mini da wanda ya yi wa mutanen da ba su san shi ba. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa shi a addu'a.